Kuɗin shirin tarbar ambaliya suna nan, amma zango ba shi da takarda

Duk wanda ya girma a Nima ko Mamobi ya san yadda hadarin watan Yuni yake sa uwa ta leƙo waje ta fara ƙirga 'ya'yanta. Babbar kwatar da ta ratsa unguwannin nan tana gangarawa zuwa kogin Odaw, shi kuma ya zuba a tafkin Korle kafin ya kai teku. In ta cika da yashi da shara da ledar fiya-wata, ruwan ba ya sallama, ɗakunanmu yake shiga. Daren 3 ga Yunin 2015 kuwa babu wanda ya manta da shi a Akra: ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya ji ƙan su.

Ni malamin firamare ne, kuma ta hanyar aji na fara gane wannan matsala. Washegarin ruwa mai ƙarfi, kujeru da yawa babu kowa. Waɗanda suka zo kuma, littattafansu sun jiƙe sun manne kamar ƙosai. A watan Fabrairu da Maris sai abin ya juya, rufin kwano ya ɗauki zafi, kafin azahar yara sun fara gyangyaɗi. Masana suna cewa ɗumamar duniya tana ƙara zafi, tana kuma sa ruwa mai yawa ya sauka cikin ɗan lokaci. Na yarda. Amma kada mu ɗora wa yanayi komai: sharar da muke zubawa a kwata da gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa, hannunmu ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akwai kuɗin da aka ware domin irin wannan. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID, na rage ambaliya a yankin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka zaɓa a gyara. Wannan kuɗin gwamnati ce ke riƙe da shi. Akwai kuma ƙaramin tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar UNDP ke gudanarwa tun 1992. Shi kai tsaye yake zuwa hannun ƙungiyoyin al'umma, kuma a baya, tsawon shekaru da dama, iyakarsa dala 50,000 ce. Ga Asusun Raya Zango da majalisa ta kafa a 2017. Ban da waɗannan, akan ji gidauniyoyi masu zaman kansu suna sanar da tallafi ga ƙungiyar da za ta zauna da jama'a ta tsara yadda za su kare kansu.

Irin wannan sanarwar ce ta faɗo mana a WhatsApp bara waccan. Ƙungiyarmu ta matasan layi ta kai shekara goma tana yashe kwata kafin damina, da shebur na aro da kuɗin susu. Muka ce ai mu aka kira. Na zauna dare uku ina cike fom. Sai na iso wurin da aka ce a haɗa takardar rajista, da asusun banki da sunan ƙungiya, da rahoton mai binciken kuɗi na shekara biyu. Mu kuwa kuɗinmu yana cikin gwangwanin Milo a shagon ma'aji, lissafinmu yana cikin littafin makaranta mai shafi arba'in. Muka aika haka nan. Ko amsa ba mu samu ba. Daga baya muka ji wata ƙungiya mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki ta samu, ta zo unguwa da riguna masu tambari, ta yi taron kwana ɗaya, aka ɗauki hoto, aka raba ruwan kwalba, shi ke nan.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Da na huce sai na ga laifin rabi-rabi ne. Mai ba da kuɗi yana da hujjar neman takarda, don shi ma wani zai tambaye shi. Inda na saɓa da su shi ne, sun sa takardar ta zama ita ce shaidar sanin unguwa. Wanda ya iya rubuta Turanci mai santsi shi ke cin kasuwa, ko da bai san layin da ruwa ke fara shiga ba.

Da muka kai maganar rajista gaban dattawa bayan la'asar, wani tsoho ya ɗaga sanda ya ce, "Ticha, ruwa muke gudu, kada ku jawo mana kuɗin ruwa." Aka yi dariya, amma tambayar a kan hanya take. Na ce, "Baba, wannan ba bashi ba ne, kyauta ce, sai dai kowane sidi za a nemi rasidinsa." Liman ya ce in haka ne amana ce, a sa hannun mutum uku a asusun, kada ɗaya ya zama ɗan uwan ɗaya. Wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa ta ce in babu mace a cikin ukun, kada a zo wurinta karɓar gudummawa. Su ne ke kwashe ruwa da bokiti har asuba, in ji ta, maza suna masallaci suna ba da labarinsa. An ba ta kujerar.

Wani ya ce shi bai ga amfanin kuɗin tsari ba, takarda ba ta tare ruwa, a kawo siminti kawai. Amsar da na ba shi daga 'yan ajina na samo ta. Na sa kowane yaro ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, ya shafa shuɗi inda ruwa ke tsayawa. Da muka jera zanen a ƙasa, sai ga wurare uku da kowa ya shafa. Biyu bakin ƙananan kwalbatoci ne da suka toshe, na ukun kuwa wani katanga ne da aka gina ya tare gangare. Mun yi shekaru muna yashe kwata tun daga sama har ƙasa, ashe ƙarfinmu a banza yake tafiya.

Daga nan muka ci gaba ba tare da kuɗin kowa ba. Mun rubuta gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya, da sunan saurayin da zai ɗauko kowanne. Benen masallaci shi ne mafaka, mabuɗi yana wurin ladan da wani mutum ɗaya. In hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi, mai waya zai sanar da ladan, a faɗa da Hausa a lasifika. Duka shafi huɗu ne. Mun kai wa wakilin unguwarmu a majalisar gunduma kwafi, ya sa hannu ya karɓa.

Takardar rajista ta fito a watan da ya wuce, an buɗe asusu da sa hannun mutum uku. Rahoton shekara biyu kuwa dole sai an jira shekara biyun. Maganar katangar ce ta tsaya, domin mai gidan surukin ma'ajinmu ne, kuma har yau ba a sami wanda ya yarda ya je ya same shi ba. An bar wa Sarkin Zango, ya ce a ba shi zuwa bayan Juma'a.