Kafin ku biya kuɗin waƙar buki ko ta talla, ku san kiɗan da kuke saye

A kasuwar Katako ta birnin Yamai kiɗa ba ya yankewa. Daga rumfunan masu katako da ƙarfe har wajen masu zubin tukwane da masu awon hatsi, ko'ina radiyo ko salula na tashi. Ƴan kasuwa kuwa ba saurare kaɗai suke yi ba, su ne masu biya: wannan ya sa a yi ma shagonsa waƙar talla, waccan ta sa a yi ma ɗiyarta waƙar aure. Sai dai akan samu wanda ya zuba kuɗinsa a situdiyo, a miƙo mashi waƙa mai kalmomin murna amma kiɗanta kamar na zaman makoki. To, daga ina matsalar take?

Makaɗan fiyano da gita suna aiki da abin da suke kira akor, wato muryoyi uku da ake dannawa lokaci guda. Akor iri biyu ne suka fi yawo. Akwai majer, kamar do, mi da sol, wanda kunne ke ji a buɗe, da fara'a. Akwai kuma miner, kamar la, do da mi, mai sa zuciya ta yi sanyi. Jera su ɗaya bayan ɗaya shi ne harsashen waƙa, a kansa mawaƙi ke ɗora murya.

Jeren da ya fi shahara a duniya guda huɗu ne: Do, Sol, La miner, Fa. Idan aka fara daga Do, waƙa ta fito da annashuwa, ta dace da aure, suna ko tallar kaya. Idan aka ɗauki waɗannan huɗun dai aka fara daga La miner, sannan Fa, Do, Sol, sai ta koma ta bege da kewa. Kaya ɗaya ne, shiri ya bambanta, kamar yadda mai tumatir ke sanin wanda za ta ɗora saman kashi.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na organ mai lantarki a gidan radiyon ƙasa, aka daɗe ana sa shi tsakanin shirye-shirye. A Kano kuma, fiyanon Yamaha ne ya ɗauki waƙoƙin finafinan Hausa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999. A nan Yamai, cibiyar CFPM Taya ta horar da makaɗa da dama.

Amma kada a ɗauka miner kullum kuka ne. Gitar Agadas, irin ta Bombino, takan daɗe a kan akor ɗaya ko biyu, sau da yawa miner, kuma da ita ake cashewa a gidan buki, domin ganga da tafi suna da sauri. Gurmi, goge da molo ma ba su bin wannan jere na Turawa: galibi muryoyi biyar suke zagayawa, kuma ba wanda ya taɓa kasa gane kiɗan yabo daga na juyayi. Ke nan saurin kiɗa da ganga suna da tasu rawar.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, kafin ku ba da kuɗin kafin alƙalami, ku faɗa ma makaɗi abin da kuke so mai saurare ya ji: murna, yabo ko bege. Ku kai mashi waƙa guda da kuke so don misali, ba don ya kwafe ta ba. Ku sa ya buga maku jeren ta hanya biyu, ba tare da murya ba, ku zaɓa da kunnenku. Gyara kafin naɗi kyauta ne, bayan naɗi kuwa sai da sabon ciniki. Allah ya ba da kasuwa.