Zabo, kaza ko talo-talo? Yadda ake haɗa girkin Sallah a Mayahi ba tare da bashi ko ciwon ciki ba

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, hankalin magidanta a Mayahi da Tasawa kan rabu gida biyu: ɗinkin yara da miyar Sallah. Ɗinki yana hannun tela, ita kuwa miya tana farawa ne daga kasuwar tsuntsaye, inda ake jibge zabbi da kaji da agwagi da talo-talo da aka kwaso daga ƙauyukan Kanambakashe, Sarkin Hausa da sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Kaba.

A Nijar, rago na Layya ne. Ƙaramar Sallah ta zabo da kaza ce, kuma gidan da aka wayi gari ba a ji ƙamshin suya ba, yaran gidan ne ke fara jin abin a ransu. Wannan ne ke tura wasu magidanta cin bashi, wasu kuma su sayi duk abin da suka tarar a jajibiri ko da tsuntsun ba shi da lafiya. Ga kuma zafi. A 'yan shekarun nan Sallar na faɗowa ne a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a jihar Maradi ke kai wa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, yanayin da nama ke lalacewa cikin 'yan sa'o'i.

A fara da ƙidayar bakuna

Kafin a je kasuwa, uwargida da maigida na buƙatar zama su ƙirga waɗanda za su ci. Mutanen gida kaɗai ba su ne lissafin ba. Akwai kwanon surukai, da na maƙwabta, da na limamin unguwa, da almajiran da ke yi wa gidan aike, sannan baƙin da za su shigo barka da Sallah daga hantsi har dare. Yawancin gidajen da nama ke ƙarewa tun kafin azahar, kwanonin fita ne ba su ƙirga ba.

Zabo guda da aka yanka gunduwa-gunduwa kan wadatar da mutum huɗu zuwa biyar a cikin miya. Talo-talo babba kuwa na iya ɗaukar nauyin zabbi huɗu ko biyar, don haka ya fi dacewa da babban gida, ko 'yan uwa biyu su haɗa kuɗi su raba. Abin dubawa shi ne yawan naman da za a samu a kan kowace jaka da aka kashe.

Sai kuma a ware zakkar fidda kai tun kafin a taɓa kuɗin miya, tunda ita ce wajibi, kuma ana son ta isa hannun mabuƙata kafin a sauko daga Idi. Bayan ita ne ake lissafin shinkafa, man gyaɗa, albasa, tattasai, tumatir da itace ko gawayi. Hausawa dai sun daɗe da faɗin cewa Sallah kan wuce ta bar wawa da bashi.

Sayen tsuntsu: da wuri, kuma da ido buɗe

Farashin zabbi da kaji na hawa ne a kwanaki uku zuwa huɗu na ƙarshen azumi, lokacin da dillalai ke kwasa zuwa Maradi da sauran manyan garuruwa. Wanda ya saya mako guda ko kwana goma kafin nan ya fi samun rangwame, kuma yana da damar kiwata shi da gero ko dawa da dusa ya ƙara kumari.

Zabbin yankin na yin ƙwai ne da damina, saboda haka waɗanda aka ƙyanƙyashe a daminar bara sun isa yanka a yanzu, kuma namansu ya fi na tsoffi laushi. Ana gane matashin tsuntsu idan aka danna ƙarshen ƙashin ƙirjinsa aka ji yana ɗan lanƙwasa. Na tsoho a sandare yake.

Lafiyayyen tsuntsu idonsa garau yake, gashinsa a kwance, yana fisge-fisge idan aka kama shi. A guji wanda ke gyangyaɗi, ko majina na fita daga hancinsa, ko fuskarsa ta kumbura, ko kashi ya manne a gindinsa. A shafa ƙirjin: idan ƙashin ya fito kamar wuƙa, babu nama a jikinsa. A kuma taɓa maƙoƙon, domin tsuntsun da aka ɗura wa tsaba da ruwa kan yi nauyin da ba nasa ba.

Idan an kawo shi gida, kada a sake shi cikin kajin gida. A ɗaure shi a gefe guda cikin inuwa, da kaskon ruwansa daban. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin ƙauye musamman a lokacin sanyi, ta wannan hanya take shiga gidaje. Ita ma murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a ƙasar, tun da aka fara tabbatar da ita a Magariya ta jihar Damagaram a watan Fabrairun 2006. Tsuntsun da ya kwanta ciwo, ba a gaggauta yanka shi don kada a yi asara. A sanar da ma'aikatan kiwon dabbobi, wanda ya mutu kuma a binne shi.

Kada a yanka sai an ga wata

Babban kuskuren da ake yi shi ne yanka tun da yammacin ranar 29 ga azumi bisa tsammanin gobe Sallah. Idan wata bai tsaya ba, naman zai ƙara yini da kwana, a garin da ba kowane gida ke da firji ba, mai shi ma ba shi da tabbacin wutar lantarki. A jira sanarwar Majalisar Addinin Musulunci ta Nijar. Lissafin maƙwabta ma ba abin dogaro ba ne: a 2024 Nijar ta yi Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya kuwa sai washegari Laraba.

Abin da za a iya gamawa kafin ganin wata shi ne daka kayan ƙamshi, tsince shinkafa, wasa wuƙaƙe, cika randuna da tanadin itace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A janye wa tsuntsun abinci kamar sa'o'i 8 zuwa 12 kafin yanka, a bar masa ruwa kawai, domin hanjinsa ya rage kashi. A yanka da wuƙa mai kaifi, a ambaci sunan Allah, a bar jinin ya tsiyaye sosai. Ruwan figa ya yi zafi amma kada ya tafasa, don tafasasshen ruwa na saɓule fata. Bayan figa a ɗan babbaka shi a kan wuta don ƙananan gasu su ƙone. Wajen fiɗa a yi hattara da matsarmama da ke manne da hanta, domin idan ta fashe ɗacinta na bin naman. Ƙundu a tsaga shi a gefe, a zubar da abin cikinsa nesa da sauran naman.

Wuƙa da faranti da suka taɓa ɗanyen nama, kada su taɓa latas, tumatir ko kabejin da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu. Haka ma hannu. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela ta nan suke bi su shiga abincin da ba za a ƙara ɗorawa a wuta ba, kuma ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu su suka fi jin jiki.

A kan murhu

Naman zabo ba shi da kitse kamar na kazar gidan gona, shi ya sa yake bushewa idan aka jefa shi cikin mai kai tsaye. Hanyar da matan yankin suka saba ita ce sulala tukuna: a zuba naman a tukunya da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro da gishiri, da ruwa kaɗan, a rufe a bar shi a kan wuta marar ƙarfi har ya yi laushi. Daga nan a tsame, a bar shi ya tsane, a soya sama-sama har ya yi ja. Romon da ya rage kada a zubar, shi ne ƙarfin miyar, ko a dafa shinkafar da shi.

Miyar kanta tana son haƙuri. A soya albasa mai yawa a man gyaɗa, irin ta Galmi idan an samu, a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attarugu, a bar su har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. Miyar da ba ta soyu ba ita ce ke fara tsami da la'asar. Naman yana shiga ne a ƙarshe, ya ɗauki kamar minti goma sha biyar ya sha miya.

Talo-talo kuwa sai an canza dabara. Cinyoyinsa da fukafukansa sun fi ƙirjin tauri, don haka su ake fara sakawa a tukunya, ƙirjin ya biyo baya, in ba haka ba ƙirjin ya wargaje alhali cinya ba ta nuna ba. Gasa shi ɗungurungum a kan gawayi na ƙona waje ya bar ciki ɗanye. Gara a daddatsa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a dafa nama har zafin cikinsa ya kai digiri 70. Inda babu ma'aunin zafi, a soka wuƙa a cinya kusa da ƙashi: ruwan da zai fito ya zama fari tas, babu alamar jini.

Rabon kwano da tarbar baƙi

A fara da kwanonin fita tun abincin na da zafi, a rufe su, a aiki yara kafin rana ta take. Na baƙi kuma kada a juye shi gaba ɗaya a faranti tun da safe. A bar miyar a kan garwashi, ana ɗiba daidai waɗanda suka shigo. Ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, kuma a irin zafin Mayahi lokacin ya fi haka gajarta. Abin da ya kwana a tafasa shi sosai kafin a ci, ɗumame sama-sama bai isa ba.

A shimfiɗa tabarmi a inuwa, a aje buta da sabulu a bakin zaure. Zoɓo da lemun citta ko na tsamiya a haɗa su da ruwa mai tsabta, a kuma san inda ƙanƙarar da aka saya ta fito. Cikin da ya yi wata guda yana azumi ba ya son a dira masa maiƙo da sassafe, don haka kunu ko fura kafin babban abinci na taimakawa. Sannan aikin kada ya tare a kan mace ɗaya: yanka, figa, faskare da ɗebo ruwa duk samarin gida na iya ɗauka, domin ita ma uwargida ta samu zuwa gaishe-gaishe.

Ga 'yan ci-rani

Gidaje da dama a Mayahi da Tasawa da kuɗin 'ya'yansu da ke Libiya, Aljeriya, Najeriya ko Abijan suke yin miyar Sallah. Saƙon da ya iso ta Nita ko Al Izza a daren Sallah ya tarar da farashi a sama, ga layi a wurin karɓa. Kuɗin da aka turo kwana goma kafin nan ya fi wanda ya zo a jajibiri sayen nama, ko da adadinsu ɗaya ne.

Waɗanda ke Turai da Amurka kuwa sun fi cin karo da talo-talo, tsuntsun da asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16. Amurkawa na cin sa ne a bikin Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar da majalisar dokokin ƙasar ta tsayar a 1941. A can yawanci a daskare ake sayar da shi. Hukumomin ƙasar na ba da shawarar a narkar da shi a cikin firji, kwana guda ga kowane kilo biyu, ke nan mai kilo shida na buƙatar kwana uku. Ba a barin sa a kan tebur ya kwana. Idan za a gasa a na'urar gashi, sai zafin cikin cinya ya kai digiri 74, sannan a bar shi ya huta kamar minti 20 kafin a yanka. Mai neman na halal ya yi magana da mahauci da wuri, domin yakan yi wuyar samu idan biki ya matso.

Wanda kuma aljihunsa bai kai zabo ba a bana, kaza guda da aka sulala da kyau cikin miya mai albasa ta isa fitar da gida kunya. Maƙwabcin da aka kai wa kwano ba ya ƙirga tsoka nawa ke ciki, abin da yake riƙewa shi ne an tuna da shi ranar Sallah.