Kafin ka sayi madubin hangen taurari, dubi mazauninsa

A wata ranar Nuwamba na bar garin Gaya da almuru, na nufi ƙauyen kakannina a ƙasar Ajingi, ɗauke da madubin hangen nesa da na zuba albashin wata uku a kansa. Can babu fitilar titi, babu ƙarar janareta. Kafin dare ya raba, Kaza da 'Ya'yanta ta tsaya bisa kanmu, kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Na ɗaura kyamara a jikin madubin, na bar idonta a buɗe na daƙiƙa 30. Hoton da ya fito zane-zane ne kawai, sai ka ce tonon kaji. Ɗalibaina uku da suka rako ni suka yi tsit, ni kuwa na gwammace a ce dariya suka yi.

Gilashin ba shi da laifi. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka tauraro ba ya tsayawa ya jira kyamara, kuma iya girman da madubi ya ƙara masa, iya saurin gudunsa daga idonta. Maganin wannan shi ne mazauni mai inji, wanda ke juya madubin a hankali daidai da tafiyar sama. Nawa kuwa ƙafafu uku ne marasa ƙwari, ko iska ta hura sai su yi rawa. Mai kantin ya yi ta yabon faɗin gilashi, ni ma ban tambaye shi komai a kan mazauni ba.

Akwai kuma abin da takardun masu ƙera kayan ba su cika damuwa da shi ba. Mazauni mai inji sai an saita shi da tauraron arewa, wanda tsayinsa a sama ya danganta da inda mutum yake. A Landan yana wajen digiri 51. A Gaya da Ajingi bai wuce digiri 12 ba, wato dab da kan itatuwa. Wasu mazaunan ba sa sunkuyawa har can, wasu kuma idan an sunkuyar da su sai ƙarfen da ke daidaita nauyi ya bugi ƙafa. Duk mai niyyar saye ya tabbatar da wannan kafin ya biya, domin tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuskure irin wannan ya yi tsada, kuma kayan da aka yi odarsu daga waje ba su mayaruwa cikin sauƙi. Hazon hunturu ma a ƙasa-ƙasa ya fi kauri, daidai inda tauraron yake. Shi ya sa na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, a dararen da wata ya ɓuya.

Wanda burinsa hoton wata ne kawai, ba ya buƙatar duk wannan. Wata yana da haske, ƙiftawa ɗaya ta isa, kuma mazaunin katako irin wanda Ba'amurke John Dobson ya yaɗa, kafinta a Gaya zai iya haɗa shi.

Ni dai na sayar da babban madubin da asara. Na sayi ƙaramin mazauni, Star Adventurer, mai aiki da batir huɗu, abin da ya dace da ƙauyen da ba wuta. Na ɗora masa kyamara da gilashinta na yau da kullum. Da kaka ta zagayo muka koma Ajingi da yaran nan uku, kuma ɗayansu ne ya fara gano tauraron arewa ta tsakanin rassan wata kuka.