Fasawa da Haɗewa: Hanyoyi Biyu na Makamashin Nukiliya

Makamashin nukiliya daga cibiyar ƙwayar zarra yake fitowa, ta hanyoyi biyu masu kishiyantar juna. Ko dai a fasa cibiya mai nauyi, ko a haɗe marasa nauyi su zama ɗaya.

Fasawa ce ɗan'adam ya riga ya iya. A 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano a Jamus cewa idan ƙwayar niyutiron ta bugi cibiyar yuraniyom sai ta rabe. Idan ta rabe takan saki zafi da wasu niyutiron, su kuma su fasa maƙwabtanta, kamar wuta a busasshiyar ciyawa. A tashar lantarki ana linzamin wannan wuta da sanduna masu haɗiye niyutiron, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Matsalar ita ce sharar da ke saura, wadda gubarta kan kai dubban shekaru. Yuraniyom ɗin Arlit a Nijar aikin fasawar nan yake yi, haka ma ƙaramar na'urar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai kilowat 30, wadda tun 2004 ake binciken ƙasa da duwatsu da ita.

Haɗewa kuwa aikin rana ce. A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, kuma tsananin matsi yana tilasta wa cibiyoyin haidirojin haɗewa su zama hiliyom. Ɗan nauyin da ya ɓace wajen haɗuwar shi ke zama haske, ya iso duniya cikin kimanin minti 8. Manomin rani a Kura ko Bunkure da wannan makamashi yake aiki kullum: ruwan madatsar Tiga yana bin kanal zuwa kwami, amma hasken rana ke cika ƙwayar shinkafa, shi ke busar da tumatirin da aka yanka aka shanya, shi ke tayar da famfon sola a bakin gona.

Kwaikwayon rana a doron ƙasa ne ya gagara, domin cibiyoyin suna tunkuɗe juna, kuma babu matsi irin nata, sai zafin ya haura digiri miliyan 100. Ba tukunyar da za ta jure, don haka da maganaɗisu ake riƙe man haidirojin ɗin. Wahalar ta cancanci a sha, tunda ana samun wani ɓangare na man daga ruwan teku, sharar kuma ba ta daɗewa kamar ta yuraniyom. A Disamba 2022 masana a Kalifoniya, ta wata hanya daban, suka samu makamashin haɗewa da ya fi na hasken leza da suka harba, ana kuma gina babbar na'urar ITER a kudancin Faransa. Har yau dai duk lantarkin nukiliya da ke shiga gidaje na fasawa ne.