Shelar da jiki ke yi wa ciwon hanta

A ƙauyuka irin Yalwa, a ƙasar Rano da Kibiya, idan idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a haɗa masa jiƙo. Wani lokaci ciwon hanta ne nau'in B. Amma wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai ɗauke da ƙwayar cutar shekara da shekaru, yana noma, yana cin kasuwa, ko kansa ba ya ciwo.

Jiki ba ya zuba ido. Ƙwayoyin halittarsa suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, shahararrensu intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Aikinsa irin na sanƙira ne: ya zaga yana shela kowa ya kintsa, baƙo ya shigo. Sai dai ƙwayar B takan lallaɓo ba tare da ta tayar da shelar farko ba. Sai daga baya, fararen ƙwayoyin jini masu suna T su isa hanta su saki intaferon gama da wani sinadari, TNF. A 1999, Luca Guidotti da Francis Chisari a Amurka suka nuna cewa wannan saƙo kan sa ƙwayar hanta ta share ƙwayar cutar da ke cikinta ba tare da ita ta mutu ba.

Manya, fiye da kashi 90 cikin 100 sukan warke haka. Jariri kuwa akasin haka ne: kusan tara cikin goma cutar zaunawa take yi. Ƙwayoyin T su gaji, saƙon ya raunana, bai kore ta ba, bai kuma daina ƙona hantar ba. Wannan kumburi na shekaru shi ke kawo taurin hanta da sankara, balle a ce ana cin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu.

Ta fuskar magani, akwai allurar intaferon ta mako-mako, sati 48, ga tsada ga zazzaɓi. Ƙwayar tenofobir ta fi sauƙi, amma danne cutar take yi, da wuya ta tumɓuke ta.

A ganina, matsalarmu ranar haihuwa ce. Tun 2004 rigakafin B yake cikin alluran yara a Najeriya, kuma ta farko cikin awa 24 ake so a yi. Jaririn da ungozoma ta karɓa a ɗaki kuwa, sau da yawa askar wanzami ke riga allurar isa jikinsa.