Nisa da Lokacin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Sakkwato da Katsina

Abin da za mu duba a wannan lacca shi ne yadda ake auna nisan da ke tsakanin ƙananan filayen jirgin sama guda biyu, da kuma dalilin da ya sa sanin nisa kaɗai ba ya isa a faɗi tsawon lokacin tafiya. Za mu yi misali da filin Sarkin Musulmi Abubakar III na Sakkwato da filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina.

Da farko dai, filayen nan biyu suna kusan kan layi ɗaya, wajen digiri 13 arewa da Ikwaita, saboda haka tafiyar daga yamma ce zuwa gabas. Tazarar da ke tsakaninsu ta kusa digiri biyu da rabi. A kan Ikwaita kowane digiri yana daidai da kilomita 111, amma da yake duniya kamar ƙwallo take, digirin yana ƙanƙancewa yayin da aka nausa arewa, har ya koma kimanin kilomita 108 a wannan yanki namu. In aka yi lissafi, sai a sami kimanin kilomita 265, wato mil 143 a ma'aunin matuƙa, wanda kowane mil nasa mita 1,852 ne.

To, sai batun lokaci. Jirgi mai farfela irin ATR 72 yana gudun kilomita 500 a awa, don haka a takarda minti 32 ya ishe shi. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Dole ya gangara zuwa bakin titi, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya hau sama sannu a hankali, sa'an nan ya rage gudu tun da sauran tafiya domin sauka. Waɗannan matakai kan ƙara kamar minti 15 zuwa 20, ko tafiyar doguwa ce ko gajeriya. Wannan ne ya sa babban jirgi mai gudun kilomita 800 ba ya tsere wa mai farfela sosai a gajeriyar hanya, domin kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi.

Iska ma tana da tata rawar. In ta tari jirgin da ƙarfin kilomita 50 a awa, minti 32 ɗin nan sai ya zama 35. In kuwa ta bayansa take, ya koma 29. Da hunturu, hazo kan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titin sauka, a jinkirta tashi ko a soke shi.

Abu mafi muhimmanci ga ma'aikaci mai tsara tafiyar aiki shi ne hanyar da jirgin zai bi. In babu jirgi kai tsaye, sai ta Abuja, kilomita 265 ta zama fiye da 900, ga kuma zaman jiran jirgi na biyu, wanda kan cinye yini. Saboda haka lalle ne duk wanda aka ɗora wa alhakin kashe kuɗin jama'a ya lissafta lokacin tun daga barin ofis har isa wurin aiki, ya gwada shi da na mota, kafin ya sa hannu a takardar sayen tikiti.