Ciwon gut: cutar da ke ɗaure yatsun hannu

Hannu shi ne jarin talaka. Da shi manomi ke riƙe kalme, da shi ake jan guga, da shi maɗinki ke saka zare a allura. Akwai wata cuta da ke iya ɗaure yatsu sannu a hankali, har mutum ya kasa aiki. Likitoci suna ce mata gut. Mutane da yawa suna ɗaukar ta sanyin ƙashi ce. Wasu kuma suna cewa sammu ne. Alhali an san mafarinta, kuma tana da magani.

Mi ke kawo ta?

Cikin jinin kowane mutum akwai wani datti da ake kira asid irik. Jiki ne ke yin shi, wani kuma daga abinci yake fitowa. Ƙoda ce ke tace shi, ya fita cikin fitsari. In ƙoda ba ta fid da shi yadda ya kamata ba, sai ya taru cikin jini. In ya yi yawa sai ya daskare, ya zama ƴan ƙananan tsinkaye masu tsini kamar allura. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Tun 1848 wani likitan Ingila mai suna Garrod ya nuna cewa jinin masu wanga ciwo cike yake da asid irik.

Cutar ta fi kama maza magidanta. Mata kuwa, galibi sai bayan sun daina jinin al'ada. Ana gadon ta. Ƙiba, ciwon ƙoda, shan giya da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara ta.

Yaya take farawa?

Yawanci daga babban yatsan ƙafa take farawa, cikin dare. Gaɓar ta kumbura, ta yi zafi, ko zane mutum ba ya so ya taɓa ta. Bayan sati 1 ko 2 ciwon ya lafa. Mai shi ya yi tsammanin ya warke. Amma dattin yana nan yana taruwa. In ba a yi magani ba, bayan kamar shekara 10 sai ƙulluttai su fito a yatsu, a gwiwar hannu ko a kunne. Cikinsu akwai wani abu fari kamar alli.

Mi take yi ma jijiyoyin hannu?

Naman da ke motsa yatsu galibi a sangalin hannu yake. Wasu jijiyoyi farare masu ƙarfi kamar igiya su ke jan yatsun. Kowace tana zamewa cikin kubenta, kamar zariya cikin ƙubakar wando. In farin allin nan ya shiga kuben, jijiya ba ta zamewa. Daga nan matsala iri 3 ke fitowa.

Ta farko: yatsa ya maƙale. Mutum ya dunƙule hannu, ya kasa miƙe yatsan sai ya jawo shi da ɗayan hannun.

Ta biyu: hannu ya yi ta mutuwa. A wuyan hannu akwai wata ƙaramar hanya da jijiyoyin jan yatsu 9 ke bi, tare da jijiyar da ke kai ji ga yatsu. In wurin ya cika, sai a matse jijiyar jin. Babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na huɗu su riƙa mutuwa, musamman da dare. In an daɗe, naman gindin babban yatsa ya rame.

Ta uku: jijiya ta tsinke. Allin yana cin ta kaɗan kaɗan. Wata rana yatsa ya saki, ya daina motsi.

Abin da bai kamata a yi ba

Kada a kai ma wanzami ya yi sakiya ko tsaga. Abin da ke ciki ba mugunya ba ce. In an fasa ƙullutun, miki ne zai buɗe, ya daɗe bai warke ba, ƙwayoyin cuta su shiga har ƙashi. Kada kuma a yi ta sayen kinini a kasuwa. Yawan shan maganin kashe ciwo yana ɓata ƙoda da ciki. Kuturta ma tana sa hannu ya mutu, tarin fuka kuma yana iya kumbura wuyan hannu. Awon likita kaɗai ke rarrabe su.

Maganin sha

A gidan likita ana auna jini, a ɗauki hoton hannu. Akwai magani iri 2. Kolshisin na lokacin da ciwo ya tashi ne. Alopirinol shi ke rage dattin cikin jini. Ana fara shi kaɗan, likita ya riƙa ƙarawa har asid irik ya sauka ƙasa da miligaram 60 cikin litar jini. Kullum ake shan shi, ko babu ciwo, galibi har iyakar rayuwa. In an dage, ƙulluttai suna narkewa cikin watanni ko shekaru. Wanda ƙuraje suka feso ma jikinshi bayan ya fara sha, ya dakata, ya koma wurin likita ran nan.

Yaushe ake yin aiki?

Ba kowane mai gut ake yi ma aiki ba. Ana yi in jijiyar ji ta matsu, in yatsa ya ƙi motsi, in jijiya ta tsinke, ko in ƙullutu ya fashe ya ruɓe. Aikin na manyan asibitoci ne, kamar asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram. Ƙaramin gidan likita ne ke ba da takardar zuwa can.

Ana yin allura a kashe hannun, ko a sa mutum barci. Likita ya tsaga fata, ya kankare allin daga jikin jijiya, ya wanke wurin. In hanyar wuyan hannu ce ta cushe, sai ya yanke murfinta don jijiyar ji ta samu sarari. In jijiya ta tsinke, sai a ɗinke ta, ko a ɗauko wata daga sangalin hannu a haɗa. Ana cire zare bayan kamar sati 2. Wanda aka ɗinke ma jijiya yana zama da ɗauri kamar sati 6, kuma ba ya aikin ƙarfi sai bayan kamar wata 3. Don haka in ba gaggawa, manomi ya shirya da likita a yi aikin bayan kaka. Dole ne a yi motsa yatsun da likita ya koya, in ba haka ba su sandare.

Aiki yana fid da allin da ke hannu, amma ba ya taɓa dattin da ke cikin jini. Wanda ya bar shan magani, ƙulluttai za su dawo.

Kiyaye kai

Mai gut ya rage hanta, ƙoda, kayan ciki da yawan jan nama. Ya bar giya da burkutu, ya rage lemun kwalba mai sukari. Nono, ƙwai da ganye ba su da laifi. Ya riƙa shan ruwa da yawa, musamman lokacin bazara.

Duk wanda yatsan ƙafarshi ke kumbura da dare, ko ya ga farin ƙullutu a hannu, ya tafi awo tun yatsu suna motsi. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta ma maƙwabcinshi wanga bayani.